Ki Zauna Kan Hannayenki

Wata goma sha huɗu ke nan
da tsani ya zame a mahaƙar dutse,
Eusebio ya faɗo da ka.
Likitocin fiɗa sun gama nasu tuntuni,
masu koyar da tafiya sun miƙa masa sanda, sun sallame shi,
'yan dubiya sun ɗauke ƙafa.
Saura ni, da shi, da maɓallan riga guda shida.

Ran Talata Nélida ke zuwa.
Ba allura a jakarta, ba ƙwaya,
sai cokali mai kaurin mariƙi,
jan tef, katuna masu hoto,
da agogon girki mai siffar kaza.
Na ce a raina, wannan kuma wane irin magani ne?

Ta manna jan tef a gefen hagu na tebur,
don tun ranar nan duniyar mijina ta tsage biyu,
rabin hagu ya yi ɓatan dabo.
Yakan cinye dankalin dama ya ce ya gama,
ya aske kunci ɗaya ya fito yana neman hula.
"Nemi ja, Don Eusebio. Juya wuya har ka ga ja."
Ya juya,
ya tarar da sauran abincinsa
kamar wanda ya tsinci kuɗi a tsohon wando.

Ashe shayi mataki bakwai ne.
Shekara talatin ina dafa shi, ban taɓa ƙirgawa ba.
Ya zuba ruwa a kofi, ya nufi wuta da kofin,
hannuna ya tafi ba da izinina ba.
Nélida ta tare shi a hanya.
"Doña Fortunata, ki zauna kan hannayenki."
Na zauna a kansu har suka mutu.
Ban san da ni aka zo gyarawa ba.

Mutumin da ya sassaƙa bakin ƙofar coci
da farin dutsen da Misti ya amayar,
shi ne minti goma sha ɗaya yana kokawa da maɓalli guda.
Ya zage shi, ya zagi wanda ya ɗinka shi,
ya wurga rigar bayan firji.
Cikin dare na ɗauko almakashi
zan cire maɓallan nan duka mu huta.
Na daɗe tsaye.
Na mayar da shi cikin aljihun tebur.

Yau ta ce lokaci ya yi.
Kati a aljihunsa: burodi huɗu, mai kusurwa uku.
Sulalla a tafin hannu.
Kwana ɗaya dama, kwana ɗaya hagu,
hagun nan dai da ba ya ga maciji da shi,
sannan shagon Hermelinda.
Nélida na bayansa da taku ashirin
tana yi kamar mai duba waya.
Ni aka bar ni da taga.

Na goge tebur sau uku.
Wata mota ta taka birki a ƙasan layi,
cikina ya ɗuri ruwa.
Kazar ta yi ƙara, na sake murɗa ta.

Minti ashirin da shida. Ga shi nan,
sanda na gaba, leda na lilo.
Na leƙa: burodi uku.
Na buɗe baki, na tuna, na rufe.
Ya dube ni ta wutsiyar ido, irin kallonsa na da,
ya ce, "Na ci ɗaya a hanya. Da zafinsa."

Canjin kam ya baro shi a kan kanta,
Hermelinda za ta aiko jikanta da shi.
Nélida ta rubuta wani abu a littafinta,
ta ce Talata mai zuwa sai motar haya,
tasha biyu kacal, a je a dawo.

Ɓurɓushin burodi ya maƙale masa a gemu,
can gefen hagu.
Ina kan hannayena.
Ya daɗe kafin ya kai nasa,
ya lalubo, ya kakkaɓe.